Mahaifina a Cikin Kurmin Dakta

Ranar da na fara shiga gidan wata tsohuwar Baturiya a unguwar Catford ta birnin London neman ɗakin haya, ba ta tambaye ni garinmu ba. Da jin cewa daga Nijeriya nake sai fuskarta ta washe, ta kama hannuna da hannayenta biyu, ta ce, "Ashe ka san kurmi." Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce eh. Daga wannan eh ɗin duk abin da zan faɗa ya taso.

Ban san kurmi ba. A garinmu, can arewa kusa da iyaka, in kana kan jaki sai ka hango mutum tun saura tafiyar rabin sa'a ya iso. Bishiyoyinmu ƙirgaggu ne, kowacce an san ta: kukar bakin kasuwa, gawon gonarmu, tsamiyar da ake hana mu zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Iyakar kurmin da na taɓa gani shi ne wani kore-kore da na hango ta tagar jirgi ranar da muka tashi daga Ikko, shi ma kafin in gyara zama gajimare ya rufe shi. Amma haka aka tarbiyyantar da ni, babba ba ya faɗin magana ka ce masa ba haka ba ne, balle a ranar farko, balle mace mai furfura wadda a shekaru ta isa ta haifi uwata.

Zamanin kuɗin mai ne. Gwamnatin jiharmu tana turo mu karatu kamar ana lodin gyaɗa, ni kuma aka jefo ni in karanta harkar mulki a wata makaranta kusa da Aldwych. Kullum da safe in hau bas mai bene, mu bi Old Kent Road a hankali cikin cunkoso, ina kallon rufin gidaje ina jin kaina wani abu. Hirar ɗalibanmu ba ta wuce rediyo mai kaset da irin motar da kowa zai tura gida. Ni ma ban tsira ba. Na sayi wani wando mai faɗin ƙafa wanda in na taka yake share titi, ina ganin na gama haɗuwa. Wasiƙun gida kuwa, waɗanda mahaifina ke faɗa malamin makarantar garinmu yana rubutawa, duk da labarin ruwa suke farawa: an samu, ba a samu ba, gero ya yi kaza. Shekarun fari ba su daɗe da wucewa ba a lokacin, sun cinye mana shanu biyu. Ni kuma in amsa da hotona sanye da kwat ina ba tantabaru abinci.

Tsohuwar ta so in riƙa kiran ta da sunanta tsirara, yadda suke yi. Bakina ya ƙi. Na lanƙaya mata Dakta, ta haƙura. Ba likitar mutane ba ce, masaniyar tsirrai ce, abokaina har suna ce mata likitar ganye. Shekara tara ta yi tana bincike a kurmin da ke kusa da iyakar Kamaru tun tana budurwa. Gidanta cike yake da akwatuna, kowanne cike da ganyaye busassu da aka danne tsakanin tsoffin jaridu, kowane ganye da takardarsa da sunansa. Idanunta sun fara mutuwa. Tafireta takan buga da ka, yatsunta sun san hanya, amma abin da ta buga ba ta iya karantawa. Shi ya sa duk ranar Lahadi bayan abincin rana nakan zauna a falonta in karanta mata abin da ta rubuta a makon.

Littafin ƙagaggen labari take rubutawa, wanda ta ce shi ne na farko kuma na ƙarshe. Labarin wata mata ce mai bincike da ta kutsa kurmi neman wata bishiya da ba ta fure sai bayan shekaru masu yawa. Akwai kwalekwale da ya kife da rabin kayan aikinta, akwai zazzaɓi, akwai tururuwa da suka kore su daga sansani, akwai ganyayen da aka sha wahalar tattarawa suka yi fumfuna cikin kwana uku. Sai ka rantse kana jin gumi a bayanka in ana karantawa. A bakina na fara jin kurmi, ni da aka ɗauka ɗan kurmi ne. Duk inda na yi tuntuɓe da sunan wata bishiya sai ta gyara mini ta ce, "Ai ka san ta, da harshenku ne kawai sunan ya bambanta." In ce eh.

Abu ɗaya ne ya hana littafin tafiya, wato ɗan jagorar matar. A cikin labarin yana gaba da adda yana sare hanya, yana faɗin sunayen bishiyoyi, daga nan sai shiru. Wata Lahadi Dakta ta tsayar da ni a tsakiyar shafi, ta cire tabarau, ta gaya mini gaskiyar maganar. Mutumin ba ƙage ba ne. Shi ne ya yi mata jagora duk shekarun nan tara, shi ya ciro ta daga ruwa ranar da kwalekwalen ya kife da gaske, kuma ya rasu tun da daɗewa. Ta ce, "Littattafan rubutu goma sha ɗaya na cika da abin da ya gaya mini game da itatuwa. Na bincika duka, babu layi ɗaya game da shi kansa. Ban san abin da yake tsoro ba, ban san abin da ke sa shi dariya ba. Ban taɓa tambaya ba." Sannan ta juyo da idanunta masu hazo wajena. "Kai ɗan ƙasarsa ne. In ruwa ya sauko, me mutum irinsa yake ji?"

Nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Amma tsohuwa ce ta buɗe mini cikinta, hawaye na bakin idonta, ta miƙo mini hannu. A wurinmu mayar da hannun babba wayam abin kunya ne. Na laluba cikin kaina, mutum ɗaya na samu wanda na san abin da yake yi in ruwa ya sauko, shi ne mahaifina.

Na ce mata mutum irinsa ba ya kushe ruwa. In an tambaye shi ya ruwa, ko da ruwan ya rushe masa katanga, cewa zai yi ruwa ya yi gyara. Na ce da la'asar yakan tsaya ya dubi gabas ya daɗe, ba ya cewa komai. Na ce in an ɗauke ruwa yakan fita ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai: in gaɓar yatsa ce ya girgiza kai, in ta kai tafin hannu ya yi hamdala, in ta wuce wuyan hannu ranar har yara sai sun ga haƙoransa.

Ina jira Dakta ta ce kai yaro, a kurmi ai ƙasa ba ta bushewa. Ita da ta yi shekara tara a can ta fi kowa sani. Sai ji na yi ta ce a hankali, "Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Amma ina zan gani? Da an fara yayyafi ni ina cikin tanti ina kare takarduna." Laifin da take gani nata ya kai inda duk abin da aka ce mata game da mutumin za ta yarda, muddin ya nuna cewa ita ce ba ta duba ba.

Tun daga ranar tafireta ta daina hutawa. Kowace Lahadi da sabuwar tambaya, ni kuma da sabon guntun mahaifina. Yadda yake ba jaki ruwa kafin shi ya sha. Yadda ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Yadda ya zauna a bakin rumbu shekarar da ba a girbe komai ba, yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta, don kada mu ga fuskarsa. Ta ɗauki waɗannan ta saƙa su cikin kurminta da gwaninta, ɗan jagora ya tashi ya zama mutum. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ina karantawa da Turanci ina jin muryar tsohona, har wani lokaci sai na tsaya na yi gyaran murya. Ni da nake jin nauyin a san cewa ubana manomi ne mai tsagaggen dunduniya, ga shi a bakin Baturiya ya zama mutumin da ya fi kowa daraja a littafin.

Jin daɗin ne ya kai ni na ɗauki kwafin babi ɗaya na nuna wa wani ɗan ajinmu, mutumin kudu maso gabas, wanda garinsu ke bakin wannan kurmin. Muna wani ɗan shagon shayi a Aldwych da rana. Ya karanta, ya kai wurin tonon ƙasa, ya tuntsire da dariya har shayi ya zube masa a wando.

Ya ce, "Wa ke tonon ƙasa neman laima a wurinmu? Ka tona har kafaɗa, laka za ka tarar. Mu roƙonmu ruwa ya ɗauke mu shanya kaya. Kuma wane gabas yake kallo? A cikin kurmi kana iya wuni ba ka ga sama ba."

Na yi yaƙe. Ya ci gaba da karatu, dariyar ta ragu, har ta ƙare. Ya miƙo mini takardun ya ce, "Rubutun ya yi kyau. Amma wannan ba mutuminmu ba ne, Bahaushe ne aka ba shi adda. Shi wancan ɗin kuwa da ya yi mata aiki, yana da garinsu, yana da 'ya'ya. Ka san zai iya zama kawuna?"

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Na kai ta wurin wani abokina Bakano da ke karanta aikin lauya, ko zan samu sauƙi. Yana gwada sabon takalmi mai tudu a gaban madubi ya ce, "Haba malam, ai fiction ne. Ka bar tsohuwa ta yi publishing abinta. Wa zai je kurmi ya yi checking?" Na so in yarda da shi, don maganarsa ta fi daɗin ji.

Ga shi lokaci yana ƙurewa. Masu buga littafin sun ce a kai musu a ƙarshen bazarar Turawa, kuma zuciyar Dakta ta fara ba ta wahala, hawa bene ma sai ta huta a tsakiya. In na yi shiru, littafin zai fita da ƙarya a wurin da ta fi so ya zama gaskiya. In na yi magana, zan ƙwace mata abin da ya sa ta fara barci da daɗi, wato ganin cewa ta biya mutumin haƙƙinsa. Kowace Lahadi in shiga falon da niyya, in fito da ita.

A wannan shekarar ne London ta yi fari. Mu 'yan arewa har dariya abin ya fara ba mu. Ciyawar filayen shaƙatawa ta koma kamar harawa, aka hana ban-ruwan lambu da tiyo, Turawan da kullum suke zagin ruwan sama suka koma ɗaga kai a tashar bas suna duban gajimare kamar mutanen garinmu. Dakta takan tara ruwan wanka in kai wa shuke-shukenta na bayan gida da bokiti, duk da haka rabinsu suka ƙone.

Ranar da ruwan ya zo, da la'asar ne, ina ɗakina a sama. Ƙamshin ne ya fara iso mini. Wallahi ƙasar Catford ma in ta sha rana aka yi mata ruwan fari, ƙamshinta ɗaya da ta gonarmu. Aka yi kamar rabin sa'a aka ɗauke. Ban yi shawara da kaina ba, sai ganina na yi a bayan gida, durƙushe cikin wandon nan nawa mai share titi, ina tona ƙasar furanninta da hannu.

"Ina ta kai?" Dakta ce a bakin ƙofar kicin. Ba ta ganin fuska, amma tana gane mutum a durƙushe.

Na ce, "Gaɓa biyu ta yatsa. Bai isa shuka ba."

Ta ce, "Kai ma ashe kana yi. A wurin wa ka koya?"

Na ce, "A wurin mahaifina."

Da na faɗi wannan sauran bai yi wuya ba. Ina durƙushe, hannuna duk ƙasa, na gaya mata ban taɓa taka kurmi ba. Na gaya mata garinmu ya fi kusa da hamada, kuma tsakaninmu da garin mutuminta akwai tafiyar kwana biyu a mota da harsunan da ban san ko kalma ɗaya a cikinsu ba. Na ce duk abin da na ba ta na mahaifina ne, da jakin, da rumbun, da kallon gabas.

Ta riƙe ƙyauren. Da ta yi magana, fushi ne a muryarta. "Me ya hana ka ce ba ka sani ba? A aikinmu shi ne abu na farko da ake koya wa ɗalibi."

Na ce, "Dakta, a wurinmu ba a ce wa babba a'a. Kin tambaye ni, na ji kunyar in bar ki hannu wofi."

Na zaci za ta ƙara faɗa. Sai ta laluba kujerar da ke bakin ƙofa ta zauna. Ta ce, kamar ba da ni take ba, "Shi ma bai taɓa ce mini a'a ba. Duk bishiyar da na nuna sai ya ba ni suna." Ta juya fuskarta wajen falo, inda akwatunan suke jere. Ban taɓa jin tausayin mutum da kunyar kaina a lokaci guda kamar ranar ba.

Kwana huɗu ban ji ƙarar tafireta ba. In mun haɗu a matakala mu gaisa, shi ke nan. Na fara tambayar abokai ko akwai ɗaki a wani wuri. Ranar Lahadi bayan abincin rana sai ta buga silin da sandarta, yadda ta saba kirana. Na tarar da littafin gaba ɗaya a kan tebur. Ta ce in karanta daga farko, duk shafin da na ji mahaifina a ciki in zare shi in ajiye gefe.

Na roƙe ta. Na ce su ne shafukan da suka fi kyau, kuma babu wanda zai gane. Har maganar abokina Bakano na ara, na ce ai ƙagaggen labari ne.

Ta ce, "Bishiyar ƙage ce, matar ma rabinta ƙage ce. Shi ba ƙage ba ne. Shekara tara yana ɗaukar kayana a ka. Ba zan ɗora masa uban wani ba."

Muka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Shafi talatin da ɗaya muka zare. Ta tattara su, ta daidaita gefensu a kan tebur, ta ɗaure da irin igiyar da take ɗaure ganyayenta, ta miƙo mini. Ta ce, "Wannan naka ne. Naka mutumin yana da rai. In ka koma ka tambaye shi ko mun rubuta daidai."

Ban bar gidan ba sai da na gama karatu. Littafin ya fito bayan na dawo gida, 'yar ƙanwarta ta aiko mini da shi tare da labarin rasuwarta. Siriri ne. Ɗan jagora yana nan a gaba da addarsa, ba ya faɗin komai sai sunayen itatuwa, kuma a wuri ɗaya matar da ke cikin labarin ta ce ba ta san ko duka sunayen gaskiya ne ba, don ba ta taɓa ba shi damar ya ce bai sani ba. Ban ji an yi wani zancen littafin ba.

Ni kuwa na dawo da rediyona da kwat-kwat ɗina, aka ba ni ofis da gida a babban birnin jiha. Duk zuwan da zan yi garinmu takardun suna cikin jakata. Sai in durƙusa in gaida tsoho, ya tambaye ni aiki, in tambaye shi ya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara, daga nan mu yi shiru. Ta ina ɗa zai fara tambayar ubansa me ya ji ranar da ya zauna a bakin rumbu yana gyaran igiya? Nakan ce sai zuwa na gaba. A damina ta uku da dawowata aka aiko mini da mota cewa in zo, kafin in isa an kai shi makwancinsa.

Ba shi da hoto, bai yarda an ɗauke shi ba. Wasiƙunsa muryar malamin makaranta ce. Abin da ya rage mini nasa shi ne shafi talatin da ɗaya na Turanci, waɗanda aka buga da tafiretar wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinsa ba. Yanzu ni ma na kai shekarunta, jikata ke karanta mini in an yi ruwan fari. Tana zuwa wurin da ya tsaya a tsakiyar kurmi, ganye ya rufe sama ko'ina, yana juyawa yana neman gabas, sai ta ɗago ta ce, "Kaka, haka yake da gaske?" Ni kuma in ce mata ban sani ba, ban tambaye shi ba.